Allunan Sayar da Kayan Gida: Littafin Aikin Mako Uku a Maraɗi

Litinin, 17 ga Nuwamba 2025

Takardar sauyin wurin aiki ta iso hannuna makon jiya, an mayar da ni Damagaram, kuma ana so in kama aiki can kafin tsakiyar Disamba. Shekara goma sha ɗaya muka yi a wannan gidan haya na unguwar Zariya, don haka tarkacen da muka tara ya wuce abin da ƙaramar motar kaya za ta ɗauka: gadaje biyu da katifunsu, kujerun roba, fanka biyu, keken ɗinki, keken yara, tukwane da kwanuka, randuna, da littattafan da yara suka gama amfani da su. Da na tambayi kuɗin babbar mota zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 240, sai na ga cewa kuɗin jigilar wasu kayan ya fi abin da za su yi idan an sayar da su.

Hanyar da kowa ya sani a garin nan ita ce a kira dillaliya, ta ɗauki kaya ɗaya bayan ɗaya tana shiga da su gidaje, ta cire la'adarta idan ciniki ya faɗa. Hanya ce mai rufin asiri, amma tana cin lokaci, mu kuwa kwana ashirin da ƴan kai muke da su. Ƙanin matata da ke zaune a Amurka shi ya kawo wata shawara. Ya ce a can idan mutum zai tashi, ko kaya sun yi masa yawa, yakan fito da su gaban garejin gidansa ranar Asabar, ya liƙa wa kowanne farashi, ya kafa alluna a mararrabar hanyoyi, masu wucewa su tsaya su saya. Ya turo hotuna ta WhatsApp, kuma abin da na lura da shi a cikinsu shi ne duk nauyin tallar yana kan allon, domin babu shago, babu mai shela, babu wanda ya san ana sayar da wani abu a gidan sai wanda allo ya juyo da shi.

Mun tsayar da Asabar 6 da Lahadi 7 ga Disamba, saboda a lokacin albashin ƙarshen wata yana hannun ma'aikata. Uwargida za ta kula da zaɓen kaya da wanke su, ni kuma alluna suna wuyana. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya a nan, domin wani malami da za a yi wa sauyi bayana ya samu abin dubawa.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Daren jiya na zauna na rubuta abin da nake so allon ya ƙunsa, sai da ya kai kalma talatin da huɗu, da sallama a farko, da jerin kaya, da kwatancen gida, da godiya a ƙarshe. Na karanta wa uwargida, ta saurara har na kai aya, sa'an nan ta ce: “Malam, wannan ai wasiƙa ce. Wane ɗan kabu-kabu ne zai tsaya ya karanta wasiƙa a bakin kwalta?” Gaskiyarta ne, kuma daga wannan magana tata aikin ya ɗauki hanya.

Inda muka daɗe muna ja shi ne kalmar farko. Ni na so GWANJO, domin gajeriya ce, harafi shida, kuma duk wanda ya gan ta ya san akwai rangwame. Ita ta ƙi, bisa dalilai biyu da ban iya turewa ba. Na farko, a kunnen mutane gwanjo tufafi ne na dila, don haka masu neman riguna da takalma za su cika ƙofar gida, alhali mu gado da tukunya muke sayarwa. Na biyu ya fi nauyi: ana kuma cewa an yi gwanjon kayan mutum idan bashi ya ci shi, kuma ba ta yarda a ce a unguwa gidan malamin makaranta ya kai ga haka ba. Na kawo KAYAN KWANCE, ta ce kwance ya fi dacewa da sutura da zannuwa. A ƙarshe muka tsaya a kan KAYAN GIDA, a ƙarƙashinsa ARAHA, sa'an nan ASABAR DA LAHADI. Kalma shida ke nan, kuma na bar “na sayarwa” a waje domin wanda ya ga araha ya riga ya san ciniki ake nufi.

Akwai abu ɗaya da allunan Amurka ba su da shi, mu kuwa ba za mu iya barinsa ba, wato dalili. A can sayar da kayan gida a ƙofa al'ada ce da ba ta buƙatar bayani. A nan idan magidanci ya baza katifarsa a waje, tambayar farko da za ta zo zuciyar maƙwabci ita ce ko lafiya. Saboda haka allon ƙofar gida, wanda za a karanta a tsaye, zai ɗauki ƙarin layi: AN YI MANA SAUYIN AIKI, ZA MU TASHI. Wannan layi yana kare mutuncin gida, yana kuma gaya wa mai saye cewa ba don lalacewa ake rabuwa da kayan ba. Lokaci ma ba za mu rubuta shi da agogo ba, za mu sa DAGA SAFE ZUWA LA'ASAR, yadda mutane ke auna yininsu.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Yau muka yi gwajin girman haruffa, kuma shi ne aikin da ya fi kowanne amfani zuwa yanzu. Na yanka kwali uku, na rubuta ARAHA a kowanne da baƙar tawada, na farko da haruffa masu tsawon santimita 5, na biyu 10, na uku 15. Muka fita bakin kwalta da hantsi, ni da babban ɗana da wani ɗan kabu-kabu da ya saba kai yarana makaranta. Na auna hanyar da igiyar awo, na aza dutse a kowace mita biyar.

Da farko mun gwada a tsaye. Ɗana, mai ido lafiyayye, ya karanta haruffan santimita 5 daga kusan mita 15, na santimita 10 daga mita 30, na santimita 15 kuwa daga mita 45 ko fiye da haka kaɗan. Ke nan kowace santimita ɗaya ta tsawon harafi tana ba da kamar mita uku na nisa, ga mutumin da ya tsaya cak kuma ya san inda zai duba. Da muka koma kan babur sai lissafin ya rushe. Na hau bayan ɗan kabu-kabun, na ce ya yi tafiyarsa ta kullum, ya ɗaga hannu a daidai inda ya iya karanta kalmar. Ƙananan haruffan bai gan su ba sai da muka zo dab da su, matsakaitan ya kama su a wajen mita 18, manyan kuma a wajen mita 28. Girgizar babur, da ƙura, da kuma hankalinsa da ke kan ramuka da masu tsallaka hanya, sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na nisan.

Sauran lissafin mai sauƙi ne ga wanda yake koyar da shi a aji. Babur mai gudun kilomita 30 a awa yana cin mita 8 da ɗan ɗori a kowace daƙiƙa. Wanda ya fara gane rubutu daga mita 18 yana da daƙiƙa biyu kafin ya wuce allon, wanda ya fara daga mita 28 yana da uku da ƴan kai. A cikin daƙiƙa ukun nan ne ake so ya karanta, ya fahimta, ya yanke shawarar juyawa, ya kuma rage gudu ba tare da wanda ke bayansa ya buge shi ba. Kalma talatin da huɗun da na rubuta ranar Talata, ko sallamar ba za a gama karantawa ba.

Ɗan kabu-kabun ya ƙara mani abin da ban yi tunaninsa ba. Ya ce: “Malam, ka kaurara su. Siririn rubutu daga nesa kamar zare yake.” Muka sake rubuta na santimita 10 da kaurin layi santimita 2, wato kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa, muka kuma buɗe tazara tsakanin haruffa, sai nisan ya ƙaru da mita huɗu ba tare da an ƙara tsawo ba. Na tsayar da santimita 15 ga layuka biyu na sama, santimita 8 ga layin ranaku, tunda wanda kalmar araha ta riƙe zai rage gudu ya karanta sauran.

Wani abin da gwajin ya nuna shi ne kwali da launinsa na asali ɓacewa yake yi. Katangun Maraɗi da yashinta da karan da aka jingina a bango duk launinsu ɗaya da kwalin, ga hazon hunturu ya fara sauka. Dole a shafe shi da fenti kafin a yi rubutu.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na shiga babbar kasuwa bayan tashi daga makaranta, da yake yau ranar cinta ce. Wani mai sayar da firji ya ba ni manyan kwalaye biyu, daga cikinsu za a fitar da alluna uku masu faɗin santimita 120 da tsayin 80, ragowar kuma ta isa kibiyoyi. Na sayi ƙaramin gwangwanin fentin mai baƙi, da babba mai ruwan ɗorawa, da buroshi biyu, da waya mai laushi, da kananzir na wanke buroshi. Ruwan ɗorawa na zaɓa a kan fari saboda farin allo yana dishewa a cikin hazo, yana kuma saje da takardun da aka liƙa a ko'ina, baƙi a kan ruwan ɗorawa kuwa yana tsone ido ko a cikin ƙura. Ja na ajiye shi gefe, domin a kan jar katanga ba ya fitowa. Mun shafa hannu na farko da yamma, mun jingina su a zaure su bushe.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Hannuna bai iya miƙe layi da buroshi ba, don haka na kai allo ɗaya wurin wani mai rubuta allunan shaguna, domin ya yi mani samfuri in kwaikwaya. Dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Ya ɗauko zare ya shafa masa alli, muka ja shi ni da shi daga gefe zuwa gefe, ya ɗaga tsakiyarsa da yatsa biyu ya saki, sai ga farin layi miƙaƙƙe a kan fentin. Haka ya fitar da layukan sama da ƙasa na kowane jeri, sa'an nan ya ƙirga haruffa, ya fara zana su da alli daga tsakiya zuwa gefuna. Ya ce kuskuren sabon hannu shi ne ya fara daga hagu da manyan haruffa, ya ƙare a dama yana matse su kamar fasinjojin motar kasuwa.

Da na duba zanen allin sai na ga ya rubuta KAYAN GUIDA, da kuma ASSABAR. Na ce a gyara. Ya ce: “Malam, haka muke rubutawa tun muna yara. Dubi allon hanyar Guidan Roumdji, dubi Dan Goulbi. Wanda ya yi lakwal idan ya ga G da I zai karanta ji.” Maganarsa tana da tushe, domin a ƙa'idar Faransanci haka ne, kuma sunayen garuruwanmu da unguwanninmu da wannan rubutun suka shiga taswira. Amma ni ina da dalilaina. Rubutun Hausa na ƙa'ida ya rage mani harafi ɗaya a layin da ko santimita biyar ba ta yi saura ba. Baƙin da ke shigowa daga Jibiya da Katsina ta hanyar Ɗan Isa da shi suka saba. Sa'an nan tun watan Maris na bana dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, kuma ina ganin bai dace malamin makaranta ya kafa allo da Hausar da aka ara wa rigar wani harshe ba. Duk da haka ban so ra'ayina ya jawo mani asarar masu saye ba, shi ya sa da safen nan na rubuta KAYAN GIDA a allon aji na sa ɗalibai goma su karanta ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce jida, domin kalmar kayan ta riga ta share wa gida hanya. Na gaya wa dattijon haka, ya goge U da S ɗaya da gefen hannunsa, ya ci gaba da aikinsa.

Daga can na biya wurin malamin makarantar allo na layinmu, saboda akwai mutane da yawa a garin nan, musamman dattawa da ƴan kasuwa, da ajami ya fi yi musu sauƙi a kan boko. Ya rubuta mani kalmomin a takarda da alƙalamin kara, gida da angai, da cikakken wasali domin kada a yi tuntuɓe. Ya kuma yi mani gargaɗi biyu da na karɓa hannu bibbiyu: kada in sa Bisimilla ko wani sunan Allah a kan abin da iska za ta iya kayarwa a taka, kuma idan an gama in dawo masa da duk allon da ke da ajami, kada a jefa shi a juji. Manyan allunan ba su da sauran fili, don haka ajamin zai hau allon ƙofa da kuma kibiyoyi.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Daga kwalta sai an sha kwana sau uku kafin a iso gidanmu, kuma wannan ita ce babbar matsalar. Tun bayan ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945, da aka tayar da gari daga fadama aka hau da shi tudu, an yanka layuka a miƙe suna gicciye da juna, unguwannin da suka biyo baya ma haka aka tsara su. Tsarin yana da kyau, amma baƙo yakan ga kowane layi kamar ɗan'uwansa, mu kuma ba da lambar gida muke kwatance ba, da masallaci ne da injin niƙa da mai shayi. Kwatance irin wannan ba ya shiga allo. Kibiya ce kawai za ta yi aikin.

Na bi hanyar a ƙafa daga kwalta zuwa ƙofa kamar wanda bai taɓa zuwa ba, ina tsayawa duk inda baƙo zai yi shakka. Wurare shida na samu: kwanoni uku, da wata mararraba da ba a juyawa amma ana iya zaton a juya, da wani dogon miƙe da mutum zai fara tunanin ko ya wuce, da bakin layinmu. Kowace kibiya za ta kasance baƙa a kan ruwan ɗorawa kamar manyan allunan, domin wanda ya ga na farko ya riƙa neman launin kawai. Manyan biyu za su tsaya a bakin kwalta, ɗaya ga masu zuwa daga cikin gari, ɗaya ga masu komawa, kowanne a hannun daman mai tafiya, kuma kamar mita talatin kafin kwanar, don a samu damar rage gudu. Na uku zai tsaya kusa da masallacin Juma'ar unguwa.

Da la'asar na je gaida mai unguwa na shaida masa. Na ce: “Ranka ya daɗe, alluna ne na kwana uku, kuma da hannuna zan cire su.” Ya sa albarka, ya ce in nemi yardar duk mai katangar da zan rataya wa, kada in buga ƙusa a jikin itatuwan dogon yaro na bakin hanya, kada kuma in taɓa turakun wutar lantarki. Ƙanin matata ya ce a garuruwa da yawa na Amurka ma an hana liƙa irin waɗannan alluna a turakun wuta. Masu katanga biyar sun yarda nan take, na shida ba ya gari, sai matarsa ta aiko yaro ya ce babu komai.

Talata, 2 ga Disamba

Jiya da yamma na rataya kibiya ɗaya a kwanar farko don in ga yadda za ta kwana, kuma na gode Allah da na yi hakan. Da asuba iskar hunturu ta taso daga gabas, da na je bayan salla na tarar kwalin ya naɗe biyu, wayar da na soka a kusurwoyinsa ta yaga shi har baki. Abin da iska ta bari kuma awaki sun ƙarasa. Na iske wata jar akuya, irin tamu ta Maraɗi, ta ɗora ƙafafun gaba a katanga tana yagar gefen da fenti bai kai ba, ta riga ta cinye bakin kibiyar, saura gindinta. Tsayin da na rataya ta bai wuce mita ɗaya ba.

Gyara uku muka yi yau ni da ɗana. Mun ɗaure wa kowane allo karan dawa biyu a baya, sama da ƙasa, yadda wayar za ta riƙe karan maimakon kwalin. Mun shafe gefuna da bayan kwalin da ragowar fenti. Mun kuma mayar da tsayin ratayewa zuwa kusan mita biyu, inda akuya ba ta kaiwa, yaro ma sai ya taka wani abu, kuma motar da aka ajiye a gefen hanya ba za ta rufe shi ba. A manyan allunan na huda ƙananan ramuka a tsakanin layuka domin iska ta samu wurin wucewa. Kibiyoyin bakin kwalta daban na yanka su, ban zana su a jikin manyan allunan ba, saboda ɗaya hagu za ta nuna, ɗaya dama, kuma a wurin ratayewa ne ake tabbatar da wace ce wace.

Alhamis, 4 ga Disamba

Takardun farashi su ma alluna ne, kuma sun zo da tasu rigimar. Mu a baki da dala muke ƙirga kuɗi, a rubuce kuwa da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce, don haka kwanon da na rubuta wa 500 shi ne na dala ɗari, abin da na rubuta wa 100 kuma dala ashirin ne, jika ɗaya kuwa sefa 1,000 ce. Uwargida ta nuna mani haɗarin: idan yaro ya karanta wa wata tsohuwa “ɗari biyar”, ita dala ɗari biyar za ta ji, wato sefa 2,500, ta juya ta tafi tana cewa mun tsauwala. Saboda haka kowace takarda ta ɗauki layi biyu, lamba da harafin F a sama yadda take a jikin kuɗin, a ƙasa kuma yadda ake faɗa: DALA ƊARI, JIKA BIYU DA RABI, JIKA GOMA. Na kula da lanƙwasar Ɗ ɗin sosai, kada ɗari ta koma dari. A allon ƙofa na ƙara ANA TAYI da ƙananan haruffa, domin rubutaccen farashi yakan sa mutanenmu su ɗauka an rufe ƙofar ciniki.

Ta kuma tuna mani cewa masu sayen tukwane da kwanuka mata ne, da yawansu kuma ba sa fita da rana, balle su ga allon bakin kwalta. Ta ɗauki hoton allon ƙofa da na kayan kicin ta tura wa matan unguwa ta WhatsApp, ta kuma gaya wa dillaliyar layinmu ta zo ranar Asabar da saƙon duk wadda ba za ta iya fitowa ba, la'adarta tana nan.

Juma'a, 5 ga Disamba

Mun rataya komai da hantsi, kafin mutane su fara tafiya masallaci. Bayan mun gama na hau bayan ɗan kabu-kabun muka bi hanyar daga ɓangarorin biyu. Allon masu fitowa daga cikin gari wani reshen dogon yaro ya rufe layinsa na sama, muka matsar da shi taku goma gaba. Kibiya ta huɗu mun rataya ta a kife, tana mayar da mutane kwalta, ɗana ne ya gani muka juya ta. Bayan saukowa daga Juma'a mutum bakwai sun biyo kibiyoyin har ƙofa suna tambaya ko an fara, na ce sai gobe, biyu daga cikinsu suka leƙa suka ga gadon.

Asabar, 6 ga Disamba

Na ajiye littafi a kan teburin karɓar kuɗi, duk wanda ya zo ina tambayarsa ta yaya ya ji. Daga safe zuwa la'asar na rubuta mutum 58. Ashirin da shida allunan bakin kwalta ne suka juyo da su, tara na kusa da masallaci, goma sha huɗu saƙon uwargida ne ko dillaliya, sauran maƙwabta ne da masu wucewa ta layin. Gadaje biyu da keken ɗinki da fanka ɗaya sun tafi kafin azahar, kuma dukansu mutanen kwalta ne suka saye su. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce shi launin ya fara bi, da ya iso kibiya ta biyu ya ga ajami ya karanta, sa'an nan hankalinsa ya kwanta cewa ba tallar magani ba ce.

Kuskure biyu sun fito fili. Mutum huɗu sun zo da zaton sabon shago aka buɗe, suka ga kayan hannu ne suka juya, ɗayansu da ɗan ɓacin rai saboda man da ya ƙona. Laifin allona ne, domin ARAHA ta faɗi ciniki amma ba ta faɗi cewa an yi amfani da kayan ba. Da yamma na rubuta NA HANNU a wasu guntayen kwali na ɗaure su a ƙarƙashin manyan allunan. Na biyu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwan mutane ya tsaya cik har kusan awa ɗaya, sai da na aiki ɗana ya duba, ya tarar wata motar yashi ta tsaya ta rufe kibiyar kwana ta biyu, mutane suna kaiwa nan su rasa hanya su koma. Gobe zai riƙa zagaya hanyar da keke kowace awa.

Litinin, 8 ga Disamba

Jiya mutum 31 suka zo, babu ko ɗaya da ya zo neman sabon kaya. Abin da ya rage randa ɗaya ce da kujerun roba biyu da kwalin littattafai, waɗanda zan kai wa ɗalibaina gobe.

Yau bayan sallar asuba na ɗauki filaya muka bi hanyar ni da ɗana muna kwance wayoyi, domin allon da ya kwana bayan ranarsa zai riƙa aiko mutane gidan da babu kowa, kuma na yi wa mai unguwa alkawari. Na tsaya na yi wa kowane mai katanga godiya, na tsince guntayen waya don kada su soki ƙafar yaro ko dabba. Kibiyoyi shida da allon ƙofa na kai wa malamin makarantar allo kamar yadda ya nema. Manyan ukun kuma mai shayin bakin kwalta ya roƙa, ya ce zai kare murhunsa daga iska da biyu, na ukun kuma yana so a shafe a rubuta masa SHAYI DA BUREDI. Akwai sauran fenti a gindin gwangwanayen, don haka na auna masa haruffan da alli, santimita 15 kowanne, ɗana zai cika su da baƙi gobe kafin motar kaya ta zo ranar Alhamis.